Harafi Ɗaya a Takardar Baba

Akwai wani yini a bakin kogin Shari da ba zai fita daga raina ba har ranar da za a ɗauke ni. Shekaru sun wuce, gemuna ya ƙara fari, amma duk sa'ad da na ɗauki bik zan yi rubutu sai yinin ya dawo mini kamar jiya. Ni tela ne, a unguwar Bololo aka haife ni, a nan nake har yau a cikin gidan da mahaifinmu ya bari. Ban san karatun boko ba sai da na haura shekara arba'in, shi ya sa wannan labarin ya ɗauke ni lokaci kafin in iya rubuta shi da hannuna.

Mahaifinmu yana da al'ada guda wadda ba ya wasa da ita. Kowace shekara idan damina ta wuce, ruwan kogi ya janye, rairayi ya fito, sai ya tattara mu gaba ɗaya mu ƙetare gada zuwa Walia mu yini a bakin ruwa. Akwai wata tsamiya da muke sauka a gindinta. Ya ce a daidai wurin ne kakanmu ya sauka lokacin da ya taso daga yamma a ƙafa da niyyar Makka. Guzurinsa ya ƙare, ƙafafunsa sun kumbura, bai jin yaren kowa. Wasu masunta suka kira shi suka ba shi kifi da ruwa, suka bar shi ya kwana a wurinsu har ya warke. Makka dai bai kai ba, a garin nan ya yi aure ya haifi Baba. Wannan labarin mun ji shi har mun haddace, muna yara mukan riƙa motsa baki tare da shi a ɓoye muna dariya.

Tun jajibiri mata suke fara aiki. A yi kisar, wato wainar gari mai faɗi marar kauri, a kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, a soya nama, a cika jarkoki da karkanji, wato zoɓo. Kifi kuwa a can muke saya hannun masunta mu gasa. Baba shi ke da shayi, ba mai taɓa masa buta. Idan an shimfiɗa tabarmi, yakan ɗauki wata guda ya ja ta gefe kusa da hanyar da mutane ke bi zuwa wurin kwalekwale, ya zauna shi kaɗai. Mu dai tabarmar Baba muke ce mata. Duk wanda ya zo wucewa sai ka ji ya ɗaga murya da Larabcin gari: "Faddal!" wato bismillah. Wani ya yi godiya ya wuce, wani ya zauna. Kafin la'asar za ka ga mutum biyar ko shida da ba mu taɓa gani ba suna cin abinci tare da shi. Mun ɗauki abin a matsayin halin tsoho mai son hira, ba mu taɓa tsayawa mun tambaye shi dalili ba.

Mu uku ya haifa. Yayanmu shi ya yi lakol, wato makarantar boko, ya iya Faransanci, yana aikin ofis. Ni ne na tsakiya, aka kai ni koyon ɗinki tun ina ƙarami. Sai autarmu, wadda ke aure a unguwar Goudji, mace mai zafin nama da saurin magana, kuma ita ce Baba ya fi ji da ita, musamman bayan rasuwar mahaifiyarmu.

A fitarmu ta ƙarshe tare da shi abubuwa biyu suka faru. Na farko kowa ya gani. Likita ya hana Baba sukari, amma Auta ta kama shi yana zuba cokali na uku a shayi. Ta fizge gwangwanin a gaban surukai da jikoki, ta ce, "Haba Baba! Wallahi ka fi yaran nan taurin kai. In ka kwanta wa zai sha wahala in ba mu ba?"

Yaya ya daka mata tsawa. Baba ya dai kurɓi shayinsa yana kallon ruwa.

Na biyu kuwa ni kaɗai na sani, ko dai in ce haka na zata. Bayan azahar Baba ya kishingiɗa, idonsa a rufe. Wasu mutum uku suka ɓullo ta hanyar, da ƙunshin kaya a ka, ƙafafunsu duk taɓo. Suka tsaya suka yi sallama, Larabcinsu ma a karye yake. Akwai sauran nama da kisar a babbar kula, amma na riga na ƙudurta cewa da shi za mu koma gida saboda yara. Na tashi na tare su tun kafin su ƙaraso, na ce abinci ya ƙare. Na ba su ruwa a moɗa, suka sha, suka yi godiya suka tafi. Da na juyo sai na ga idon Baba a buɗe. Ya tashi ya naɗe tabarmarsa, ya ce mu fara shirin tafiya. Na ɗauka maganar Auta ce ke cinsa. Kafin mu hau gada ma na manta da mutanen.

Da damina ta zagayo ciwo ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti. Ni nake jinyarsa. Wata safiya na je gida ɗauko kunu, kafin in dawo ya daina magana. Wani bawan Allah Bahaushe da ke jinyar ɗan'uwansa a gadon kusa ya miƙo mini takarda a ninke. Ya ce, "Tsohon nan ya roƙe ni in rubuta muku wannan. Yadda ya faɗa haka na sa." Kafin magariba Baba ya cika.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Yaya ya tara mu a tsakar gida ya buɗe takardar. Ya karanta yana share hawaye. Baba ya ce yana jin ƙarshe ya zo, mu riƙe zumunci, kada a rushe ɗakin mahaifiyarmu, in ruwa ya janye mu je bakin kogi kamar kullum. Sai Yaya ya ɗan tsaya, ya karanta layin da ya biyo baya a hankali: "Ku kula da baki, kada ku yi irin ta bara."

Ba wanda ya kira sunan kowa. Amma duk idon da ke tsakar gidan nan ya juya wurin Auta, har da nawa. Yaya ya ci gaba da wasu 'yan kalmomi da ba wanda ya saurara, domin Auta ta riga ta fashe da kuka, ta ja mayafinta ta fita.

Daga ranar ba ta ƙara zuwa bakin kogi ba. Shekara bakwai. Takan aiko da miya a kula, ta aiko da yaranta, ita kuwa ta zauna a gida. In na je roƙonta, da yake ni ma Yaya take ce mini, sai ta ce, "Yaya, ka bar ni. Mutumin da ya fi kowa sona ya tafi, maganarsa ta ƙarshe a duniya ƙorafi ne a kaina. Da wane ido zan zauna a gindin tsamiyar nan?" Macen da a da ba a jin muryar kowa in tana wuri, ta koma sai an tambaye ta take magana. Mu kuma muka ci gaba da fita. Muna zuwa, mu ci, mu yi wa Baba addu'a, mu dawo. Tabarmar gefen hanya ba wanda ya ƙara shimfiɗa ta.

Takardar tana wurina, cikin akwatin Baba. Nakan fito da ita in duba kamar mai kallon zanen tabarma, in mayar.

Ana nan sai wani malami da ya zo daga Nijar ya buɗe ajin manya a wani zaure kusa da shagona, bayan la'asar, yana koyar da rubutun Hausa. Na daɗe ina jin kunya kafin in shiga. Mu goma sha wani abu ne, da mahauci, da direba, da mata biyu masu sayar da yaji. Ni ne mafi nawa a cikinsu. Hannun da ya saba da almakashi shekara talatin ya ƙi riƙe bik, amma na saba da aikin da ake yi ɗinki bayan ɗinki, ban yi gaggawa ba.

Wata rana malam ya rubuta haruffa biyu a allo, kamarsu ɗaya, sai dai ɗaya kansa a lanƙwashe. Ya ce, "Wannan ka ne, wannan ƙa. Duk wanda ya raina lanƙwasar nan zai sa mutum ya kafa ƙafa a inda bai nufa ba." Muka yi dariya. Ya jera misalai: kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, baki da baƙi. Mahaucin ya ce, "Malam, wato in na gayyaci baƙi na manta lanƙwasa, baki kawai na gayyata?" Malam ya ce, "Ai a gidanka duk ɗaya ne, ci za su yi." Aka sake fashewa da dariya, har da ni. A lokacin ban haɗa komai da komai ba.

Sai bayan wata biyu, da na fara iya haɗa kalmomi, na yi sha'awar jin maganar Baba da idona. Wata Juma'a da hantsi na rufe shago na fito da takardar. Na sa yatsa ina bi harafi harafi. Layin farko ya ɗauke ni kusan rabin awa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne na ga an rubuta karshe, an rubuta rike, an rubuta daki. Babu lanƙwasa ko ɗaya a takardar daga sama har ƙasa. Mutumin da ya rubuta, lakol ɗin Faransanci ya yi kamar Yaya, ba a taɓa nuna masa waɗannan haruffa ba. Yaya kuwa da ya zo kan karshe ya gyara da kansa ya ce ƙarshe, domin babu wata kalma da za ta shige masa. Da ya zo kan baki, kalma ce cikakkiya yadda take, ga shi bai jima da karanta bakin kogi ba, sai ya wuce da ita haka.

Na sauko layin ƙarshe, wanda kukan Auta ya rufe. Kalmomi huɗu ne ƙanana: "Mu ma su ne."

Na karanta sau uku. Baki ɗaya ne, ba a ce masa su. Na ajiye takardar a kan keken ɗinki, sai ga mutanen nan uku a gabana, da ƙunshinsu a ka da taɓo a ƙafa, da idon Baba a buɗe yana kallona. Baƙi yake nufi. Wanda ya yi irin ta bara ni ne.

Washegari na kai wa malam takardar don kada in zama na yi wa kaina karatun son rai. Ya duba ya ce, "Rubutun kam zai iya zama kowanne. Amma layin ƙasa ya fi zama da baƙi. Kai da ka san mai maganar, kai za ka faɗa." Na ce na san shi.

Gaskiya ita ce na yi kusan wata guda ban gaya wa kowa ba. A gidanmu ni ake kira mai haƙuri, ni ne wanda ya yi jinyar Baba, ni ake misali da shi. Zuciyata ta riƙa ce mini shekara bakwai sun wuce, kowa ya saba, me zai sa in tone? Har na yi tunanin in gaya wa Auta kuskuren harafin kawai, in bar zancen mutanen uku. Amma na san tambayar farko da za ta yi: to, me aka yi wa baƙi bara? In na yi shiru a nan, rabin nauyin zai ci gaba da zama a kanta.

Da ruwa ya janye na hau mota zuwa Goudji. Na same ta tana tsince shinkafa. Na ce bana ina so ta zo, akwai abin da zan karanta.

Ta ɗago ta dube ni. "Kai za ka karanta? Yaya, da furfurar taka?"

"Da ita."

"Sun ce kana zuwa aji da masu yaji, na ɗauka sharri ne." Ta yi ɗan murmushi, sannan ya ɓace. "In takardar nan ce, na ji ta sau ɗaya, ya ishe ni."

Na ce, "Ba ki ji ta ba, Auta. Ba wanda ya ji ta a cikinmu. Ki zo don Allah, in kin ga ba haka ba ne ba zan ƙara roƙonki ba."

Ranar ta zo. Ita ce ta ƙarshe da ta sauko daga mota, ta zauna can bayan mata, ta juya wa tsamiyar baya. Ba ta taɓa abinci ba. Bayan mun yi azahar muka zauna addu'a kamar yadda muka saba, da aka shafa sai na fito da takardar daga aljihu. Na karanta da irin karatuna, ina tsayawa, ina komawa baya. Ba wanda ya yi dariya. Da na zo wurin na ja numfashi na ce, "Ku kula da baƙi, kada ku yi irin ta bara. Mu ma su ne."

Yaya ya miƙo hannu. "Kawo in gani. Baki aka rubuta, ni na karanta ta."

Na ba shi. Na ce, "Haka aka rubuta, Yaya. Duba sama, me aka rubuta a wurin ƙarshe? Me aka rubuta a wurin ɗaki?"

Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa na motsi a kan layin ƙasa. Sai ya sauke takardar a cinyarsa ya ce, "Innalillahi." Ya sake cewa, "To amma wane baƙi? Me aka yi musu?"

A nan na faɗa. Na faɗi mutanen uku, da kular da ke cike, da ƙaryar da na yi, da yadda Baba ya naɗe tabarma. Ban rage komai ba. Matata ta sunkuyar da kai, domin ita ta dumama naman nan washegari ba ta san tarihinsa ba.

Na zata Auta za ta yi kuka ko ta yi hamdala. Ta taso ta zo ta tsaya a kaina, muryarta a ƙasa.

"Ka kore su, ya gan ka, kuma ranar da aka karanta takardar ka juyo ka kalle ni?"

"Na kalle ki."

"Shekara bakwai, Yaya. Babu sallar da na yi ban roƙi Allah Ya sa ya yafe mini ba. Ɗiyata ta yi aure ina tsoron buɗe baki in yi mata nasiha, ina cewa wace ni. Kai kuma kana zuwa gidana kana ba ni haƙuri."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta juya ta kalli ruwa. Can ta ce, "Maganar sukarin dai na faɗe ta. Wannan ba harafi ba ne."

Yaya ya ce, "Kin faɗa. Amma da zai tafi, da abin da ya rage masa na numfashi, bai ga ta isa a rubuta ba." Ya cire tabaransa ya goge ido. "Ni ma ina da nawa. Na ga layin ƙarshen nan tun ranar, ban gane shi ba, na ce zafin ciwo ne. Na ji kunyar in ce akwai abin da ban gane ba, ni da na yi lakol."

Auta ta durƙusa ta ɗauki takardar. Ita ma ba ta iya karatu ba. Ta ce in nuna mata wurin, na ɗora yatsanta a kan harafin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Wannan ɗan abin?" Sai ta miƙo mini. "Gyara shi."

Na ce ba zan taɓa takardar Baba ba, amma zan rubuta mata tata. Na yage shafi daga littafin ajina, na ɗora a gwiwa, na kwafe wasiyyar tun daga farko, kowace lanƙwasa a wurinta. Ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, shayi ya huce, yara suka gaji suka koma wasa cikin rairayi. Ita kuwa tana zaune kusa da ni ba ta motsa ba, tana bin bik ɗin da ido. Da na gama ta ninke ta ƙulle a bakin mayafinta. Ba ta ce ta yafe ba a ranar. Abin da ta ce shi ne, "Rubutunka kamar tafiyar kaza." Sannan ta juya ta tambayi matata ko akwai sauran kifi. Yafiyar sai bayan watanni ta zo, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya a yinin nan ya wuce karatu. Ranar da aka karanta wasiyyar, ina da duk abin da zai sa in gane ta ko da ban san harafi ɗaya ba, domin ni kaɗai na san abin da na yi a bakin kogi. Amma da na ji kalmar zargi ta faɗo cikin taro, sai na yi sauri na nemo wanda za ta dace da shi, na samu ƙanwata a kusa. Tun daga lokacin, in na ji an yi faɗa ba a kama suna ba, ko a masallaci ko a gida, nakan riƙe wuyana kada ya juya, in fara tambayar kaina ko da ni ake.